Sai ganye mai rai ke yin rawaya

Duk wanda ya taɓa noman dawa a ƙasar Hausa ya san tashin hankalin shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Dawa ta fid da kai, ta yi bununi, ta fara yin ido, sai sama ta washe tun Satumba ba ta ƙare ba. Ganyayen ƙasa su fara ƙonewa, abin ya yi ta hawa sama, kara ya zama fanko, iska kaɗan ta kwantar da shi, tsaba kuma ta fito a tsotse. Masu inganta iri sun daɗe suna farautar dawar da ganyenta zai riƙe kore a daidai wannan gaɓa. Aikin da na ɗauka a digirina na biyu shi ne in jera irin waɗannan dawa kusa da kaura da farafara da manomanmu suka saba da su, in auna yadda kowace take rabuwa da korenta.

Malamin da ke duba aikina bai bar ni na taka gona ba a watannin farko. "Kafin ki auna ganye a kunya," in ji shi, "sai kin san abin da ke faruwa a cikinsa idan zai yi rawaya. Ki je wurin Baba, zai nuna miki."

Baba shi ne dattijon da ke riƙe da makullin ɗakin gwaji. Kowa Baba yake ce masa, har furofesoshi. Shi ya sa na shuka dawa a bokitan roba a bayan ɗakin, muka jira har ta yi ganye da yawa, sannan muka yanko ganyen da ya gama buɗewa a kowane tushe. Ya hana ni ɗaukar bakin ganye ko gindinsa. Ganyen hatsi daga gindi yake tsiro, don haka tsininsa ya girmi gindinsa, kuma ta tsinin tsufa yake farawa. Idan kika haɗa guntun sama da na ƙasa a faranti ɗaya, kin haɗa tsoho da yaro ke nan, lissafinki ba zai zauna ba. Daga tsakiya muka yi ta yanka guntaye masu tsawo ɗaya, muna kauce wa farar jijiyar nan mai kauri. Muka wanke su a ruwan bilic da aka tsinka sosai saboda ƙwayoyin cuta, muka ɗauraye da tataccen ruwa, muka shimfiɗa su a kan jiƙaƙƙiyar takardar tacewa a cikin farantan gilashi masu murfi.

Kashi uku muka yi. Na farko ruwa zalla. Na biyu ruwa ne da ɗan sinadarin kainetin, ɗaya daga cikin dangin saitokainin, wato sinadaran da saiwa ke ƙerawa tana aika wa ganye. Na uku kuwa Baba ya kama su da hantsaki ya tsoma a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci kafin ya shimfiɗa su. Muka nannaɗe kowane faranti da takardar alminiyam, muka kulle a kabad. Ganyen da aka raba da saiwarsa aka kuma hana shi haske, tsufan da zai ɗauke shi makonni a gona cikin 'yan kwanaki yake yin sa. Shi ya sa masu binciken tsufan ganye a ko'ina suke amfani da wannan dabara.

Kafin mako ya zagayo, na ruwa zalla sun dusashe, sannan suka koma rawaya sosai. Na kainetin suna nan kore shar, abin da Richmond da Lang suka fara nunawa tun 1957. Waɗanda aka tafasa ne suka tsayar da ni. Sun yi laushi, launinsu ya dafe ya koma kore mai duhu, har sun fara ɗan wari, amma ko ɗigon rawaya babu a jikinsu.

Baba ya jera farantan a kan tebur ya ce, "Ɗiyata, wanne ne matacce a cikin waɗannan?"

Na ce, "Wanda kuka tafasa, Baba."

"To shi ne bai yi rawaya ba. Rubuta."

A kan wannan duk sauran aikin ya tsaya. Yin rawaya aiki ne da ganye ke yi da kansa, da enzayim ɗinsa, wato furotin ɗin da ke gudanar da ayyukan sinadarai a cikinsa, da iskar shaƙarsa, da ƙarfin da ya rage masa, kuma a tsare yake yin sa. Idan mutuwa ta riga shi, koren nan yake maƙalewa. Mun san wannan a gida ba tare da mun ba shi suna ba. Harawar da aka yanke da ɗanyenta aka naɗe, kore take bushewa. Garin kuka da busasshen zogale da aka shanya a inuwa haka suke. Ganyen bai samu sukunin warware korensa ba, bushewa ta cim masa.

Ido ba ma'auni ba ne, don haka mataki na gaba shi ne fitar da kulorofil, sinadarin da ke ba ganye launin kore, mai iri biyu da ake kira a da b, daga ganyen a auna shi. Wannan aikin a duhu-duhu ake yin sa. Mukan sauke labule, mu kashe fitilar sama, turmin tangaran da taɓaryarsa kuma tun dare suna cikin firji. Sai a auna nauyin ganyen, a zuba shi a turmi da ɗan wankakken yashi don ya taimaka wajen niƙa, da ɗan garin maganiziyam kabonet abin da bai wuce kan farce ba, sannan asiton, ruwan sinadarin da ke narkar da koren, mai ƙarfin kashi 80 cikin 100, shi ma mai sanyi. Ana niƙawa sai ruwan ya rine, kore mai kyan gani. A juye a bututu, a ɗauraye turmin da ƙarin asiton a haɗa, a saka a injin juyi. Idan abin da ya kwanta a gindin bututun bai yi fari ba, da saura, sai a sake wanke shi. Ganyen dawa na da tauri, hannu kan yi tsami kafin a gama faranti goma.

Daga nan sai na'urar auna haske. Ana zuba ruwan a 'yar kwalba mai kusurwa huɗu, na'urar ta ratsa shi da jan haske a nanomita 663 (nanomita ma'aunin tsawon igiyar haske ne), inda kulorofil a ya fi sha, sannan a 645, inda kulorofil b ya fi sha. Baba ba ya barin kwalbar roba ta kusanci wannan aiki, domin asiton na cin ta, ta yi hazo, lambobi su rikice. Ta gilashi kawai, kuma shi da kansa yake goge ta. Lissafin da aka fi sani shi ne na Daniel Arnon na 1949, wanda ke cewa a ninka lambar 645 da 20.2, a ninka ta 663 da 8.02, a haɗa, a samu jimillar kulorofil a miligiram cikin lita. Malamina ya ce in sa shi don masu jarrabawa sun saba da shi, amma in dogara da gyaran da Porra da abokan aikinsa suka fitar a 1989, domin tsohon lissafin yana karkata wajen raba a da b. Babban abokin gaba a ɗakinmu zafi ne. Asiton na tashi da sauri, bututun da aka bari a buɗe sai ya ƙara kauri, ya nuna kulorofil fiye da wanda ke cikinsa. Ga kuma wuta da kan ɗauke ana tsakiyar karatu, a jira janareto, a sake jiran na'ura ta ɗumama, a sake daidaita ta da asiton zalla.

A ɗaya daga cikin irin waɗannan zaman jira ne Baba ya ɗauki bututu ɗaya ya haska shi da tocila daga gefe. Ruwan da nake gani kore sai ga shi yana ƙyallin ja jawur a inda hasken ya bi. A cikin ganye, kulorofil a ɗaure yake jikin furotin, duk hasken da ya kama nan take yake miƙa shi gaba a yi abinci da shi. Da muka ɓamɓare shi daga furotin ɗin, bai daina kama haske ba, sai dai babu wanda zai miƙa wa. Wani kaso ya dawo da shi a matsayin jan hasken da nake kallo, wani kason kuma yakan ɗora wa iskar oksijin da ke kusa, ta rikiɗe ta zama mai ƙuna, tana cin kitse da furotin da duk abin da ta taɓa. Kulorofil da ya kuɓuce daga mazauninsa guba ne idan rana ta same shi.

Kafin in kai ga muhimmancin wannan, sai da na yi wani ɗan gwaji mai sauƙi da ake koya wa 'yan ajin farko. Na ɗiga ruwan ganye a gindin doguwar takardar tacewa, na tsoma bakinta a haɗin fetur ita da asiton, na rufe. Ruwan yana hawa launuka suna rabuwa. Karotin mai ruwan lemo shi ke kan gaba, zantofil mai rawaya na bin sa, sai kulorofil a mai kore da ratsin shuɗi, sai kulorofil b a baya. Mikhail Tswett ne ya kafa tushen wannan hanyar raba sinadarai a farkon ƙarni na 20, kuma da launukan ganye ya fara. Da na yi wa tsohon ganye haka, layukan kore biyun sun kusa ɓacewa, masu rawayar sun ragu amma suna nan. Rawayar tun farko tana cikin ganyen, kore ne ya rufe ta. Sai dai takardar ba ta nuna wani sabon layi da zan ce ga inda koren ya koma ba.

Ba ni kaɗai wannan ya taɓa ɗaure wa kai ba. A 1987 wasu masana a Birtaniya sun ƙiyasta cewa kulorofil da ke narkewa a duniya kowace shekara ya kai kimanin tan biliyan 1, a tudu da teku, kuma a lokacin babu wanda zai iya nuna abin da yake zama. A shekarun da suka biyo bayan aikin Richard Willstätter, wanda ya gano akwai maganiziyam a tsakiyar kulorofil ya kuma samu kyautar Nobel a 1915, an san siffarsa, an kuma fahimci yadda tsiro ke gina shi. Rushe shi ne ya gagara, saboda abin da ya rage ba shi da launi, masu nema kuma launi suke bi. Philippe Matile da ɗalibansa a Jami'ar Zurik ta ƙasar Siwizalan ne suka fara kama ɓurɓushin a tsofaffin ganyen sha'ir, sannan a 1991, tare da masanin kimiyyar sinadarai Bernhard Kräutler, wanda daga baya ya ci gaba da aikin a Insburuk ta Ostiriya, suka fayyace siffar na farko. Stefan Hörtensteiner, shi ma a Zurik, ya shafe kusan duk rayuwar aikinsa yana tono enzayim ɗin da ke wannan aiki ɗaya bayan ɗaya, har ya rasu a 2020. Rubuce-rubucensa na fi karantawa a wancan lokacin, don yana rubutu kamar mai son a gane.

Ga yadda abin yake tafiya. Kulorofil zobe ne babba da ƙananan zobba huɗu suka haɗu suka yi, kowanne da ƙwayar naitirojin ɗaya, maganiziyam na zaune a tsakiyarsu, da doguwar jela mai maiƙo da ake kira faitol. Da farko ganye kan mayar da duk kulorofil b zuwa a, domin enzayim ɗin da ke gaba ba ya karɓar dangin b. Sai a zare maganiziyam, abin ya zama fiyofaitin. Sai wani enzayim, wanda rukunin Hörtensteiner ya bayyana a 2009, ya guntule jelar. Abin da ya rage, fiyofobaid, har yanzu yana da launi, har yanzu yana da haɗari. Daga nan enzayim ɗin da ake taƙaita sunansa da PAO ya yi amfani da oksijin ya tsinke babban zoben, ya warware. A nan kore yake ƙarewa. Abin da ya fito ja ne, amma ba a barin sa ya daɗe, wani enzayim da ke maƙale kusa ya karɓe shi ya mai da shi maras launi mai ƙyallin shuɗi. Sai a fitar da shi daga kulorofilas, wato ɗan ɗakin da kulorofil ke zaune a ciki, a jefa shi cikin babbar jakar ruwan da ke tsakiyar tantanin ganye. Ruwan jakar na da tsami, tsamin kuma shi kaɗai ya isa ya sauya shi ya daina ƙyallin. Nan zai zauna har ganyen ya faɗi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, bayan duk wannan wahala, tsiron ba ya cin moriyar ko ƙwaya ɗaya ta naitirojin huɗun nan. Tare da ganyen suke faɗuwa ƙasa. Ribar tana wani wuri. Kusan kashi 70 cikin 100 na naitirojin ɗin koren ganye a cikin kulorofilas yake, a jikin furotin, wato Rubisko, enzayim ɗin da ganye ke haɗa abinci da shi, da furotin ɗin da ke riƙe da kulorofil. Wannan shi ne dukiyar da dawa ke son kwashewa daga tsohon ganye ta kai wa zangarniya. Amma ba za ta iya warware furotin mai riƙe da kulorofil ta bar kulorofil ɗin yana yawo a cikin rana ba, zai ƙone tantanin kafin a gama kwasa. Wanda zai rushe tsohon gida don ya ɗebi kwano da azara da ƙofofi, wayar lantarki yake fara yankewa, ba don yana son wayar ba.

Akwai shaida a kan haka. Masarar da ta gaji lalacewar PAO ba ta jiran tsufa, tabon ƙuna ke fesowa a ganyenta yana yaɗuwa muddin haske na dukan sa. Likitocin dabbobi ma sun san wani ɓangaren labarin. Ƙwayoyin cikin tumbin tunkiya ko saniya kan mai da kulorofil ɗin ciyawa wani sinadari da hanta ke fitarwa ta matsarmama. Idan hantar ta samu matsala, sai ya taru a jini, fatar da ba ta da duhu ko gashi sosai ta kumbura ta saɓule a rana.

Matakin zare maganiziyam kuwa har kicin ɗinmu na bi shi. Wata rana na ɗiga tsinkakken asid a bututun ruwan ganye, nan take koren ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Tsami na korar maganiziyam daga tsakiyar zoben ba tare da wani enzayim ba, shi ya sa muke zuba garin kabonet a turmi, don tsamin da ke cikin ganyen kansa kada ya ɓata mana aiki. Da na je hutu na ba Umma labari tana kaɗa miyar kuɓewa ɗanya. Ta ce, "Yanzu wannan ne aka tura ki jami'a ki koyo? Ai shi ya sa ake jefa kanwa." Gaskiyarta. Kanwa na kashe tsami, maganiziyam ya zauna, miya ta fito kore. Yakuwa kuma da ke da tsami a jikinta, da ta ji wuta take dafewa. Ni dai na rage yawan kanwa a girkina, domin tana cinye wasu bitamin ɗin ganyen, amma ban yi gigin faɗa wa Umma ta rage tata ba.

Ɗakin gwajinmu ba shi da manyan na'urorin da ake ware ɓurɓushin nan marasa launi da su. Sau ɗaya na ga ɗaya daga cikinsu da idona, kuma a jikin ayaba. A 2008 rukunin Kräutler ya ba da rahoton cewa nunanniyar ayaba na ƙyallin shuɗi a ƙarƙashin hasken ultarabayolet, saboda a ɓawonta ɓurɓushin mai ƙyalli ba ya sauyawa, taruwa yake yi. Na aro 'yar fitilar da 'yan canji ke duba jabun kuɗi da ita, na sayo ayaba ɗanya da nunanniya, na shiga ɗaki na rufe. Ɗanyar ba ta ce komai ba. Nunanniyar ta yi shuɗi-shuɗi, kuma kewayen ɗigon baƙin da ke ɓawonta ya fi ko'ina haske. Ayabar nan ta Kabendish, idan ta nuna a zafin da ya haura kimanin digiri 24, ba ta gama sakin korenta, shi ya sa a kasuwanninmu za ka sayi ayaba kore a waje, ciki kuwa ta nuna lugub. Lemon zaƙinmu ma da ke zama kore bayan ya nuna, rashin sanyin dare ne.

Wannan ya kai ni ga abin da ya shafi aikina kai tsaye. A tashar inganta tsirrai ta Aberystwyth da ke Wales, Howard Thomas ya yi shekaru yana nazarin wata ciyawar kiwo da ba ta yin rawaya, tun rahotonsa da Stoddart na 1975. Da farko abin sha'awa ne, ciyawa kore har ƙarshen shekara. Da aka auna sai aka tarar Rubisko ɗinta na narkewa a kan lokaci kamar na kowace ciyawa, ganyen ya daina yin abinci, koren ne kawai ya maƙale tare da furotin ɗin da ke riƙe da shi. Ganyen ya tsufa, fentinsa ne bai goge ba. A 2007 aka gano cewa ƙwayar gadon da ta lalace a wannan ciyawa ita ce wadda ta lalace a koren waken fis da Gregor Mendel ya yi ta ƙirgawa a lambun majami'arsu a birnin Brno da ke ƙasar Cek a yau, aikin da ya wallafa a 1866. Waken Mendel mai rawaya shi ne lafiyayye, koren shi ne wanda ya kasa gama aikinsa. Sai a 2016 rukunin Ayumi Tanaka a Jami'ar Hokkaido ta Japan ya nuna cewa furotin ɗin wannan ƙwayar gado, SGR, shi ne mai zare maganiziyam. Thomas da Howarth sun rarraba hanyoyin zama kore gida biyar a shekarar 2000, amma ga mai noma gida biyu ne. Akwai koren da ganye ke ci gaba da aiki a ƙarƙashinsa, akwai kuma na ado. Ga mai neman tsaba, na adon bai da amfani, yana ma iya riƙe naitirojin ɗin da ya kamata ya tafi zangarniya.

Don haka da muka sake gwajin kabad, wannan karon da ire-iren dawata duka, tambayar ta riga ta canza. Idan masu riƙe koren nan injin rushe kulorofil ɗinsu ne ya lalace, to a duhu ma za su ƙi yin rawaya. Ba su ƙi ba. Sun yi rawaya tare da kaura da farafara, bambancin bai taka kara ya karya ba. Na kai wa malamina sakamakon ina ɗari-ɗari, don a ganina babu abin rubutawa. Ya duba ya ce, "Madalla. Injinsu lafiya lau ke nan. Yanzu ki tafi gona ki gano dalilin da ya sa suke jinkirin kunna shi."

Da gangan muka makara da shuka, don cikar ido ta faɗo bayan ɗaukewar ruwa. Ire-iren ba rana ɗaya suke fure ba, saboda haka kowane tushe da na zaɓa sai na ɗaura masa ƙyalle ranar da rabin kansa ya yi bununi, daga ranar nake fara masa ƙirga. In ba haka ba, iri mai jinkirin nuna zai fito kamar mai riƙe kore alhali yaro ne kawai. Muka sa wa kawunan jakunkuna saboda jan-baki. Kowane mako, da sassafe, ina bin layi da 'yar na'urar SPAD, wadda ake maƙala wa ganye kamar a cije shi, ta ratsa shi da haske a nanomita 650 da 940 ta ba da lamba. Ba ta da wuyar aiki, sai dai tana da saurin ruɗuwa. Raɓa, ƙurar hunturu da ta fara sauka, ko maƙala ta a kan jijiya, duk suna canza lambar, don haka sai na goge ganyen, in auna wurare da dama in ɗauki matsakaici. Ina kuma ƙirga ganyayen da suka rage kore a kowane tushe. Tunda SPAD kore kawai take gani, ba ta san na aiki da na ado ba, sai na riƙa yanko guntaye ina sa su a kula mai ƙanƙara, in kai ɗakin gwaji mu auna furotin da ke narkewa a ruwa ta hanyar Bradford, wadda ruwanta ke ƙara shuɗi gwargwadon yawan furotin.

A gonar ne bambanci ya fito. Da ƙasa ta bushe, na gida suka fara sakin ganye daga ƙasa, rawayar na bin tsini tana gangarowa. Masu riƙe koren suka jinkirta, kuma furotin ɗinsu ya jinkirta tare da koren, wanda ke nuna ganyen na aiki da gaske. Wani abin da na lura da shi tun kafin fure, na rubuta a gefen littafi ban ɗauke shi da muhimmanci ba, shi ne cewa ba su cika 'ya'ya a gindi ba, ganyensu kuma bai kai na farafara faɗi da yawa ba. Andrew Borrell da abokan aikinsa a jihar Kwinslan ta Ostireliya sun nuna cewa a nan sirrin yake. Dawar da ba ta tara ganye da yawa kafin fure ba ta shanye ruwan ƙasa da wuri, sai ta iske saura a lokacin cikar ido. Koren da ake gani a Oktoba tanadin da aka yi tun Agusta ne.

Su kansu ire-iren da duniya ke ɗebo wannan hali daga gare su, daga nahiyarmu suka fita. B35, wanda masu bincike a Teksas suka yi ta amfani da shi har aka gano wurare huɗu a gadonsa da ake kira Stg1 zuwa Stg4, asalinsa dawar Habasha ce. E36-1 ma daga Habasha yake. Wani kuma da Ostireliya ta yi aiki da shi, KS19, an same shi ne daga auren gajerar kaura ta Najeriya da wata dawa mai suna Combine Kafir 60. Wannan ya sa na daina kallon kaurar da ke layina a matsayin abin kwatance kawai, na koma ina duba ta tushe-tushe, kuma ba duka suka saki ganye lokaci ɗaya ba. Na ware kawunan waɗanda suka fi jinkiri, na rubuta lambar kunya a jikin kowace jaka.

Ranar girbi, bayan mun yanke kawuna mun kai rumfa don sussuka da awo, leburorin gonar suka nemi a bar musu karan. Kafin in ankara gardama ta kaure a kan layukan da ke da sauran ɗanyen ganye, babu mai son na farafara da ya bushe ƙarau. Wani dattijo a cikinsu mai shanun huɗa ya ce da ni, "Malama, wannan ko ba a yayyafa masa ruwan kanwa ba sa zai cinye shi har gindi." Na roƙe su su dakata. Muka koma muka ɗaure karan kowane layi daban, muka rataya a sikeli, na ɗebi samfuri na busarwa da na auna naitirojin, sannan suka raba abinsu. Babin da ya yi magana a kan abincin dabbobi ba ya cikin tsarin da aka amince mini da shi tun farko, sai da na koma wurin malamina da takardar neman ƙari, ya sa hannu a tsaye a bakin ofis.